Ƙarfen Cocin Baba

Shekarar da aka canja kuɗi, tun muna jihar Gongola, aka tura Baba aikin bishara wani ƙauye bayan Gella. Wata Lahadi da yamma ya yi ta buga ƙarfen coci, ba wanda ya zo. Ni kaɗai a benci.

Na ce, "Baba, mu koma Mubi. Mutanen nan ba sa son mu."

Ya ce, "Ba da su nake yaƙi ba, 'yata. Shaiɗan ke raɗa mini in tafi, yau kuma bakinki ya ara."

Na yi kuka, ya share mini hawaye, ya yi mini wa'azi. Ba mu koma ba.

Ban yi boko ba balle in rubuta, amma wa'azin yana kaina. Baba ya rasu, Mama ta bi shi. Ni na rage, ba wanda zan tambaya ko daidai na riƙe wa'azin.