Murjani Mai Rai

Lita arba'in na ruwa, gishirin teku daga Legas, kifi biyu da murjani mai rai, irin mai tsirowa a ƙarƙashin teku, dunƙule bakwai, duk Suhaib ya haɗa su cikin akwatin gilashi a shagonsa na Ikara. Saura kawai a kai ɗakin amarya.

"Shigo mana, amaryata," ya ce wa Naja'atu. "A gefen gado zan ajiye shi, na ma auna wurin."

Ta toge a bakin ƙofa.

Sai aka ɗauke wuta, injin da ke motsa ruwan ya yi shiru. Ruwan ya kwanta, amma murjanin suka karkata gaba ɗaya wajen ƙofa. Ta matsa jikin taga daga waje. Suka bi ta.

"Kakata ta ce matan gidanmu ba sa kwana da ruwan teku," ta ce a hankali. "Yana gane mu. Ko ni ko shi, Suhaib."

"Haba! Ko Kaduna ba ki taɓa wucewa ba, ina ke ina teku?"

Ya dube ta, ya ƙirga murjanin, ko ɗaya bai juya daga gare ta ba. Ya yi bisimilla ya ɗauko bokiti zai kwashe ruwan.

"Ke na zaɓa."

Bai ji shigowarta ba, sai ji ya yi ta riƙe masa hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. Tafinta sanyi ƙalau, a jiƙe sharkaf.

"Bar shi," ta ce, idonta a kan ruwan, ba a kansa ba. "Ka makara, ya riga ya gane ni."