Alkunyar Mai Daddawa

Zauna tukuna, 'yar nan. Tunda kin ce nauyin dangin miji ya hana ki magana a kan abin da ake yi wa ɗanki, bari in ba ki misali da wata mai daddawa.

Matar nan Allah Ya ba ta 'yar fari, irin yaran da ake haifa da tasu duniyar daban. Ba ta haɗa ido da mutum, maganarta ba ta fi kalma biyu ko uku ba, ƙara kuwa tana shiga kanta kamar allura. Kullum tana gindin turmi tana jera ƙwayar kalwa ɗaya bayan ɗaya, ba ruwanta da kowa. To, 'ya'yan ƙanwar mijin, wato taubasan yarinyar, suka gano lagonta. Sai su lallaɓo ta baya su buga murfin kwano a kunnenta, ta toshe kunnuwa tana kururuwa tana birgima, su kuwa dariya har da riƙe ciki. Manya su ce wasan taubasai ne, haka aka tashi aka tarar. Wane irin wasa ne wannan, da kullum mutum ɗaya ke kuka? Uwar tana gani, zuciyarta na ƙuna, amma 'yar fari ce: ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tare mata a gaban dangin miji a ce ba ta da kara. In yarinyar ta rugo ta ƙanƙame zaninta, sai ta ɓamɓare hannun a hankali ta ce, "Je ki, wasa suke miki." Wallahi nan ne ya fi ba ni takaici.

Ranar da aka ɗora babbar tukunyar kalwa a wuta, yaran suka zo su uku, kowa da murfinsa. Wannan karon yarinyar ba ta nufi uwarta ba, ta riga ta gane babu mafaka a wurinta. Ta runtse ido ta ruga, hannu a kunne, ta yi karo da tukunyar. Tafasasshen ruwa ya saɓule mata fatar ƙafa har gwiwa. Wata biyu tana kwance. Ƙunar ta warke, amma 'yan kalmomin nan nata suka tafi, tsakar gida ma ta daina fita, uwar in ta miƙo hannu sai yarinyar ta maƙale a bango. Ƙanwar mijin, wadda ta fi kowa dariya a da, ta zo dubiya, ta taɓe baki ta ce, "Ke ma dai. Ai da kin yi magana da mun kwaɓe su. Mun ga kin yi shiru, mun ɗauka ba komai." Uwar sai hawaye, ga baƙin ciki ga nadama, kuma ba mai mayar mata da 'yarta yadda take.

Don haka tashi ki je ki tsaya wa ɗanki tun abin bai ɓaci ba, kowa ya ce abin da zai ce. Yaron da ba ya iya kai ƙara, uwarsa ce bakinsa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kunyar mara kunya asara ce.