Tsagar Usaina

Tun da aka kwashe bayanan jama'a aka zuba a Babban Rumbu, dokarsa ɗaya ce: ba ya ajiye abu biyu masu kama ɗaya, wai cin wuri ne. Wanda Rumbun ya goge kuwa, ƙofar asibiti ba ta buɗe masa, ko famfon unguwa ba ya zubo masa ruwa.

Lantana tagwaye ta haifa, ga shi gobe ne za a ɗauki hoton fuskokin jarirai a zuba a Rumbun. Da hantsi ta goya Hassana, ta rungumi Usaina, ta nufi gidan Baba Tanimu, wanzamin da ya fi shekara talatin da ajiye aska.

"Baba, tsaga za ka yi wa ɗaya, don na'ura ta bambance su."

Tsohon ya daɗe yana wasa askar.

"'Yar nan, bara na sake ɗauko aska na yi wa ɗaya daga cikin jikokina tagwaye. Tausayi ya hana ni nutsa aska, kafin wata shida tabon ya ɓace. Rumbu kuma yana sake dubawa duk shekara, sai ya goge ɗaya."

"To, yanzu ina ɗayan?"

Ya nuna ɗaki da haɓa. "Yana ciki. A ɓoye muke raba masa ruwan ɗan'uwansa."

Lantana ta dubi kumatun Usaina, sumul, tana ta barcinta. Ta danne kan jaririyar a cinyarta, ta kawar da fuska.

"Baba, kada ka tausaya mata."