Ramar Gefen Gona

An yi wani manomi a wani ƙauyen tudu, inda rijiya ɗaya tal take shayar da mutane da dabbobi. Kowace damina yakan ware gefen gonarsa ya shuka rama, ya cusa ta kusa da kusa har kaza ba ta samun wurin ratsawa. Ya kuma kafa wa gidansa doka: a ɗebi ganyen ƙasa a yi kwaɗo, amma kada wanda ya tsinke mata kai. Dokar nan ta daɗe tana ci wa matarsa tuwo a ƙwarya. Ganyen kai shi ne mai taushi, shi maƙwabtanta suke tsinkowa su kwaɗanta da ƙuliƙuli, ramarsu ta yi rassa ta baje gajeruwa. Tasu kuwa sai miƙewa take yi, siririya sambal, har ta wuce tsawon mutum. Can sai ta fid da fure ruwan ɗorawa mai jan ciki, wanda kan buɗe da hantsi ya naɗe kafin la'asar. Matar takan tsaya ta kalla, don ba ta musun kyansa, amma wata rana ta kasa haƙuri ta ce, "Malam, fure dai ba ya shiga tukunya." Ya ce, "Bar ta, ba ta gama aikinta ba."

Idan furen ya fara zuba, sai ya sare ta, ya ɗaure dami-dami, ya nutsar a kududdufi ya danne da duwatsu har ɓawon ya ruɓe. Warin kan biyo shi har gida. Ya saɓule zaren, ya wanke, ya shanya a kan danga, fari tas, kowane sili da tsawonsa tun daga gindi har kai. Da rani ya zauna a inuwa, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafa yana tufka. Igiyar ta yi ta tsawo, ta yi nauyi, ya naɗe ya rataye a zaure. Masu wucewa har tambayarsa suke ko giwa zai ɗaure.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin bazara ta raba, ruwan rijiya ya ja da baya, guga ya koma fitowa da laka. Babu makawa sai an yashe ta, kuma sai mutum ya sauka har ƙasa. Aka kira mai yasa, aka tara masa igiyoyin gari, aka ƙulla wannan da wancan. Dukkansu da zaren gajeruwar rama aka tufka su. Mai yasa ya taka bakin ɗaya ya ja, ta tsinke. Ya ce, "Ina da 'ya'ya a gida, ba zan rataya raina a jikin ƙulli ba." Wasu suka ruga gonaki neman rama, suka tarar da busassun karare, kududdufin da za a jiƙa su ma ya tsage don bushewa. Matar manomin tana tsaye da tulunta wayam, tana jin kukan awakinta daga gida. Ta juya, ta shiga zaure, ta sauko da naɗin igiyar, ta ɗoro a ka ta kawo.

Mai yasa ya bi ta da tafin hannu daga farko har ƙarshe, bai ci karo da ƙulli ba. Ya ɗaura a ƙugu, ya yi bisimilla, maza suka riƙe, ya sauka. Ita kuwa idonta na kan inda igiyar take gugar itacen bakin rijiya. Igiyar tana ƙara, tana miƙewa, amma ko sili ɗaya bai ɓalle ba. Kwanduna suka yi ta fitowa da laka, har aka jiwo muryarsa daga can ƙasa yana cewa idon ruwa ya buɗe. Da aka jawo shi, ruwa ne yake ɗiga daga wandonsa.

Da ta koma gida da tulunta cike, ta tarar da mijin a inuwarsa, zare a yatsan ƙafa, ya fara tufka wata. Ta tsiyaya masa ruwan ya sha. Da damina ta kewayo, ita ce take tsare gefen gonar, tana kaɗe hannun duk wanda ya miƙa zuwa kan rama.

Gaskiyar masu iya magana, da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.