Ƙwan Zabin da Ya Taso a Ruwa

Jarrabawar shiga makarantar ungozoma ta matso, amma akwai wata irin tambaya da kullum take kayar da Tasalla, irin ta auna hankali ɗin nan. A ce mata idan an yi ruwan sama ƙasa za ta jiƙe, ga ƙasa kuma a jiƙe, shin an yi ruwa? Ta ce an yi mana, a ce ta faɗi. Da abin ya ishe ta sai ta je wurin Baffa Iro, wan surukinta da ya yi ritaya daga koyarwa. Ta durƙusa a gefen tabarma ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar tambayoyin, kanta a ƙasa. Ya ɗan duba ya ajiye, ya ce bari ya ba ta wani misali.

Ya ce an yi wata mata da ta tashi a gidan masu sayar da ƙwan zabi. Tun tana yarinya take zama kusa da uwarta ranar kasuwa, da kwanon ruwa a gabansu. Mai saye ya zo, a saka ƙwai a ruwa a kan idonsa. Uwar kan ce baragurbi ba ya nutsewa, duk inda yake sai ya taso. Yarinyar nan kuwa har ta girma ba ta taɓa ganin maganar ta faɗi ƙasa ba.

Da aka kai ta ɗakin miji sai ta so ta yi kiwo nata na kanta. Cikin damina ta samo ƙwan zabi, ta sa wa wata jar kazarta mai kwanci a ƙarƙashin rumbu, tunda zabuwa ba ta da haƙurin zama a gurbi. Iyakar abin da take da shi ke nan, in ya lalace kuma sai wata daminar, don zabi ba sa ƙwai da rani. Kullum in ta zo shara sai ta sunkuya ta leƙa. Lokacin da ta saba ganin kaza ta fito da 'yan tsaki ya zo ya wuce, shiru. Kazar ta rame, gashin ƙirjinta duk ya zube. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan danga ta ce, wai ita zabi take jira ko mutuwar kaza?

Wata rana da hantsi, da kazar ta sauka neman abinci, sai matar ta ɗebo ruwan da ya sha rana a kwano, ta saka ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. Duk suka taso, ko guda bai nutse ba. Ta ce a ranta, baragurbi yana tasowa, waɗannan sun taso, ashe baragurbi ne. Ta kwashe su a ƙwarya ta nufi juji a bayan gida. Da ta isa sai ta ɗauki guda ta buga a jikin dutse, ta toshe hanci tana jiran wari. Wari bai zo ba. Abin da ta gani a cikin ɓawon ɗan tsako ne a dunƙule, jiƙe sharkaf, gashinsa ya fito, har da zanen nan na bayan 'ya'yan zabi. Ya miƙa ƙafa sau ɗaya, ya daina motsi.

Ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Sannan ta ɗauki wani ƙwan ta kara a kunne, sai ta ji ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya. Ta goge su da bakin zaninta, ta rungumo ƙwaryar a ƙirji, ta mayar da su gurbi kafin kazar ta dawo. Ba a daɗe ba tsakar gida ta cika da 'yan zabi suna bin jar kaza a guje. Biyu ne ba su fashe ba, waɗannan kam baragurbin gaske ne.

Baffa Iro ya ce uwar matar nan ba ƙarya ta yi ba, sai dai maganarta hanya ɗaya take bi. Ƙwan da ya nutse, ana iya rantsuwa ba baragurbi ba ne. Wanda ya taso kuwa bai faɗi komai ba tukuna, don mai rai ma in ya kusa fitowa iska kan taru a cikinsa ta ɗaga shi. Ya ce duk sanda aka nuna mata abin da ya biyo baya, aka ce ta yanke hukunci a kan abin da ya jawo shi, ta tsaya ta tambayi kanta ko akwai wani abin daban da zai iya jawo shi.

Tasalla tana ta wasa da gefen mayafinta. Can ta ce a hankali, "To Baffa, ita ba ta san ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa ba?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yar masu sayarwa ce, 'yata, ba 'yar masu kiwo ba. Ƙwan da ta sani duk ranar kasuwa yake barin hannunta. Ta ga mai rai ya yi irin tasowar ruɓaɓɓe, ta ɗauka shi ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane."