Rawayar Idon Malam Isyaku

Tun da aka fara naɗar abin da idon mutum yake gani, kowane mamaci yana barin faifai. Na mijina, Malam Isyaku, na kai shagon Barira mai tace bidiyo, a haɗa wa jikoki kafin sadakar arba'in.

Da na koma karɓa, na tarar ta dafe kai.

"Hajiya, a tsohuwar manhaja launi lafiya lau. Ina kwaso shi zuwa sabuwa, wasu wurare suka yi rawaya kamar an zuba kurkum. Kowa ya san matsalar kwashewa ce. Zan wanke, amma in na wanke ba ya dawowa."

Shekara talatin na koyar da kimiyya, na sha binne abin da kowa ya sani.

"Dakata, 'yar nan. Nuna min kasuwa."

Tumatir ja, sama shuɗiya. Masallaci ma haka.

"To, tsakar gidanmu."

Farin bango, buta, igiyar shanya. Sai ga ni na fito daga madafi, ɗankwali a karkace, ina masifa ya manto gishiri. Nan take haske ya tashi, bango ya koma ruwan zinare, har hayaƙin murhu.

Barira ta duba wuri goma sha biyu. Duk inda na shigo, haka ne.

"Ashe tsohuwar manhajar ce ke daidaita idon kowa," ta ce a hankali. "Wannan ba ta taɓa komai ba."

Mutumin da ko girkina bai taɓa yabawa ba!

"Ɗauke hannunki daga maɓallin nan," na ce. "Mayar min wurin gishirin."