Kwana Huɗu a Tebur na Uku

Matar ta turo masa takardun da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai ture mataccen kyankyaso. Ta ce hoton bai yi ba, kunnensa na hagu bai fito ba. Ta ɓamɓare hoton daga jikin fom ɗin, ta jefa a aljihun tebur, ta ce ya je ya ɗauko wani. Wannan ne zuwansa na uku.

Dogo ya haɗiye abin da ya taso masa. Gyaran injinan asibiti ne aikinsa, kuma cikin ma'aikata goma sha biyu shi kamfani ya zaɓa ya je waje koyon sabbin injina na wata uku. Ƙasashe uku aka jera masa ya ɗauki ɗaya. Sharaɗin guda ne, ya kai shaidar tikiti kafin sha biyun ranar Alhamis, in ba haka ba gurbin ya koma hannun na bayansa, wanda tuni ya fara leƙa shagon masu akwati. Da ofishin tafiye-tafiye ɗaya tak kamfanin yake hulɗa, kuma a ofishin aka rasa inda za a ajiye fayil ɗinsa sai tebur na uku, na wannan matar.

Ranar Litinin da fara'arsa ya shigo, saurayin da ko ƙofar jirgi bai taɓa gani ba. Ya ce ya zaɓi ƙasa mafi nisa, mai tsananin sanyi, don can ake ƙera injinan. Matar ta buɗe fasfo ɗinsa, ta daɗe a shafin farko har ya yi gyaran murya. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce mai ƙirji irin nasa ba ya zuwa can sai in ya gaji da duniya. Bai tuna ya rubuta zancen asma ba, amma takardun da yawa, wa zai tuna? Ta kama masa kujerar jirgi a kwamfuta ta awa ashirin da huɗu, sannan ta ƙi tabbatarwa har lokacin ya wuce.

Talata ya sauko, ya ce to a ba shi ta biyu, wadda ke tsibiri. Ta ce sau biyu ake canja jirgi, irinsa a filin jirgi na farko yake ɓacewa. Ta tsare shi da tambayoyin da babu su a kowane fom. Wa zai tarye shi? Ya iya ko dafa ruwan zafi? A gidansu haka aka bar shi yana cin farce? Laraba ya ce ya haƙura, a ba shi ta kusa, ta ce wannan ta malalata ce, takardar shaidarta ko ƙunshin gyaɗa ba ta isa ba. Daga nan ta koma kan kunne.

Abin da ya fi ƙona masa rai, a sauran tebura minti goma ake sallamar mutum. Shi sai ya yi awa biyu a kan kujerar roba, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, yana sake cike abin da ya cike jiya. Ita kuwa ta harɗe hannu tana bin yatsunsa da kallo. Ranar haihuwarsa ma ba tare da duba fasfo ba take bugawa, tsabar ta haddace ta don mugunta. Ya tsane ta, tsana ta gaskiya, irin wadda bai taɓa yi wa kowa ba.

Alhamis da sha ɗaya ya ajiye sabon hoto, kunne biyu zaƙo-zaƙo. Ta ɗaga shi, ta juya, ta ce hasken ya yi yawa. Nan Dogo ya daki teburin har kofin biro ya tarwatse. Manaja ya fito daga ɗakinsa da sauri, dattijo mai sanƙo, ya ji ƙarar, ya duba fayil, ya rasa abin da ya hana. Ya ture ta gefe ya zauna a kujerarta. Cikin minti bakwai injin buga takarda ya tofo tikitin ƙasar sanyi, wadda Dogo ya so tun farko.

Matar na tsaye jikin bango. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta dai ce, murya a bushe, ya sa maganin shaƙarsa a jakar hannu, kada ya kuskura ya sa a akwati.

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa, tikiti a hannu. "Riƙe shawararki, baiwar Allah. Ko a lahira ba na fatan sake ganinki. Wallahi na tausaya wa duk ɗan da ya sha nononki."

Ya buga ƙofar gilashin ya fita da gudu, saura masa minti arba'in.

Manaja ya kira ta ɗakinsa, ya zaro takardar gargaɗi. Ya ce shekara goma sha biyar tana tebur na uku, ko sau ɗaya ba a kawo ƙararta ba, yau ta kusa jawo musu asarar kamfani guda. Ya ce ta faɗa masa me yaron ya yi mata, kafin ya sa hannu.

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Ranka ya daɗe, sa hannunka," ta ce. "Wata goma sha ɗaya ya sha nonon, kafin ubansa ya kwance shi daga bayana ya tafi da shi. Shekara ashirin da uku ina nemansa, kwana huɗu kawai na samu na kalle shi."